Yadda Za Ki Kwana Ke Kaɗai a Babban Gida Hankalinki Kwance

Gidanmu a Garwa, arewacin Kamaru, irin gidajen nan ne na da. Surukina ya gina shi lokacin yana da mata uku da yara fal: zaure biyu, sassa huɗu, ɗakuna goma sha ɗaya, mangwaro biyu a tsakar gida, ga dogon yaro a bayan makewayi. In gidan na cike ba mai tuna girmansa. Sai ranar da aka kwashe kaf aka tafi biki Marwa, aka bar ni saboda targaɗe a ƙafa, maigida kuma yana Gaundare yana jiran kayansa daga jirgin ƙasa. A daren na kwana zaune a bakin gado da taɓarya a hannu, ina jin wani abu yana jan ƙarfe a tsakar gida, ya ja ya tsaya, ya ja ya tsaya. Gari na wayewa na leƙa. Bushiya ce ta cusa kai cikin gwangwanin madara ta kasa fitarwa.

Daga lokacin zuwa yau na kwana ni kaɗai a gidan nan sau da yawa, kuma barci nake yi har sai ladan ya tashe ni. Abin da na gane shi ne mutum ɗaya ba ya iya gadin ɗaki goma sha ɗaya, ko da ido ko da zuciya. Sai dai ki rage wa gidan girma: ki rufe abin rufewa tun da rana, ki tattara kanki wuri guda da kika sani ciki da bai, sauran ki bar wa Allah da kwaɗo. Da ke nake magana don mata aka fi bari a gida, amma na san magidanta masu gemu da ke kwana da fitila a kunne in iyali sun yi tafiya, su ma su karanta.

Kafin motarsu ta tashi

Aikin yana farawa tun mutanen gida suna nan. Ki ce kowace ta kwashe sauran abinci daga ɗakinta, ta cire kayan wuta daga soket, ta rufe taga, ta kulle, ta ba ki makulli. Abincin nan kada ki raina shi. Sauran tuwon da aka manta a kwano shi ke gayyato ɓeraye, su kuma ɓeraye su za su hana ki barci da kwaramniya har ki rantse mutum ne.

Duk sakatar da ke lilo, duk ƙyauren da sai an ɗaga shi da gwiwa yake rufuwa, a kira kafinta ko mai walda a gyara maigida yana nan tsaye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Banda haka, bai kamata baƙon ma'aikaci ya shigo ya tarar da ke kaɗai, ya ƙare wa gidan kallo ba.

Sannan ki zaɓi mutum biyu, biyu kawai, ki gaya musu gaskiya. Na farko maƙwabcin da kuka haɗa katanga, don shi zai ji ihunki. Ni wata dattijuwa ce a bayanmu. Ranar da na fara zuwa mata na ce, "Goggo, su Dada za su Marwa gobe, kwana huɗu, ni kaɗai ce a gidan." Ta ce, "To 'yar nan, bar wayarki a kunne. In kin ji abin da ba ki gane ba, daki katangar nan da taɓarya sau uku, Malam ba ya barci da wuri." A nan taɓaryata ta samu aikin da ya dace da ita. Na biyu ɗan'uwa mai babur wanda zai iya isowa cikin ɗan lokaci. Ku yi yarjejeniya a fili: bip, wato a kira waya a katse, sau biyu a jere cikin dare ma'anarsa "zo, kada ka tsaya tambaya". Ki bar makulli ɗaya na ƙofar waje wurin wanda kika fi amince wa cikinsu, don ba ɓarawo kaɗai ake tsoro ba. Mutum na iya zamewa a makewayi ko zazzaɓi ya kayar da shi, kuma ƙofar ƙarfe ba ta ɓalluwa da sauƙi.

Sauran jama'a kuwa, bakinki alekum. Mai kawo ruwa, 'yar talla, ɗan moton da ya sauke ki, ba wanda ke buƙatar sanin maigida ya yi tafiya. Mafi yawansu mutanen kirki ne, amma magana ƙafa gare ta. Kada ki sa hoton masu tafiya a WhatsApp kina "Allah ya kiyaye hanya, kun bar ni ni kaɗai". Ki kuma ja kunnen yaran da aka tafi da su. Takalmin maigida ki bar shi a bakin zaure inda ya saba ajiyewa.

Lambobin gaggawa a Kamaru: 'yan sanda 117, jandarma 113, 'yan kwana-kwana 118. Ki adana su a waya, ki kuma rubuta a takarda tare da lambar jauro, wato mai unguwa, da ta 'yan sintiri in akwai su, ki manna a bayan ƙofar ɗakinki. A ƙasan takardar ki rubuta kwatancen gidan kamar yadda za ki faɗa wa baƙo: sunan unguwa, masallaci ko mararrabar da ke kusa, lungu na nawa, launin ƙofa. Gidajenmu ba lamba gare su ba, kuma mutum in ya firgita har sunan unguwarsu yana iya ɓace masa.

Zagayen la'asar

Wannan shi ne ginshiƙin abin duka, kuma da ido biyu ake yinsa, rana ba ta faɗi ba. Bayan sallar la'asar ki ɗauki makullai da tocila ki fara daga zaure. Ki bi hannun dama har ki dawo inda kika faro, kada ki tsallake ko ɗaki ɗaya, har ɗakin shirgi da garejin da ba mai shiga. Kowane ɗaki ki buɗe, ki haska bayan ƙofa da ƙarƙashin gado, ki taɓa taga ki ji ta kamu, ki fito ki kulle, ki jijjiga kwaɗon, ki ce "Bismillahi, na rufe" a fili, yadda kunnenki zai ji. Za ki ga kamar wasa. Amma ƙarfe biyun dare in zuciya ta ce "anya kin rufe ɗakin faccalarki kuwa?", abin da kika furta da baki shi za ki tuna, abin da hannu ya yi a gurguje ba ya zama a kai.

Zagaye ɗaya tak ake yi. Na taɓa zama mai komawa duba ƙofa sau biyar a dare, kuma duk komawa tsoron ƙaruwa yake, don kina koya wa zuciyarki cewa duban farko ba abin yarda ba ne. Ki yi shi da kyau sau ɗaya ki bar shi.

Daga ɗakuna sai gindin katanga. Duk abin da mutum zai taka, tsani ne, duro ne, turmi, tulin bulo ko itacen girki, ki janye shi daga jikin katanga. Tsani ma a kwantar da shi a ɗaki a kulle. In reshen bishiya ya tsallaka waje, wannan aikin sarewa ne tun kafin tafiya.

Sai tsakar gida. Ki kwashe shanya kaf. Zanen da aka manta a igiya, in farin wata ya haska shi iska na kaɗa shi, mutum ne tsaye sak, har da kafaɗu. Ki tsince gwangwanaye da kwanoni da leda. Tumaki da awaki ki ba su harawa da ruwa su ƙoshi, ki ɗaure su nesa da langa-langa, ki rufe akurkin kaji. Dabbar da ta kwana da yunwa ita ke tunkuyin ƙofa da tsakar dare.

Madafi shi ne na ƙarshe, kuma ni a ganina ya fi katanga haɗari. Ki rufe kwalbar gas daga kanta, ba daga murhu kaɗai ba. In kina shakkar tiyo, shafa masa ruwan sabulu, inda yake yoyo zai yi kumfa. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka in kin shiga kin ji warinsa kada ki ƙyasta ashana, kada ki taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa. Ki rufe kwalba, ki buɗe ƙofa da taga, ki fita. Garwashi kuma a kashe shi da ruwa. Lokacin sanyin Disamba da Janairu kada ki kuskura ki shiga da kaskon gawayi ɗaki ki rufe: yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take kashe shi. Haka hayaƙin janareto. Kaskon turaren wuta ma, in ɗaki ya ɗauki ƙamshi a fitar da shi. Annabi (SAW) ya yi umarni a rufe ƙofofi da ambaton sunan Allah, a rufe ƙorai, a kashe fitilu lokacin barci, kuma ya hana a bar wuta a gida ana barci. Zagayen nan ashe sunna kike rayawa.

Ɗakin da za ki kwana

Ba dole sai ɗakinki na kullum ba. Ki nemi wanda ya haɗa abu uku: ƙofa mai ƙarfi da sakata ta ciki, kusanci da katangar maƙwabcin nan, da kuma inda waya ke kama layi sosai. In akwai mai banɗaki a ciki, ya fi. In babu, ki shiga da buta da fo ko bokiti mai murfi. Ba abin kunya ba ne, kakanninmu da shi suka rayu. Makewayinmu yana can ƙuryar gida wajen dogon yaro, kuma tafiyar nan ta tsakar dare ita ce rabin tsoron babban gida. Da damina ma ba tsoron banza ba ne, don kwarin Binuwai ƙasar kububuwa ce, ga kunama. In fitar ta zama dole, takalmi a ƙafa, tocila a hannu, ki haska gabanki kafin ki taka.

Kafin magariba ki shigar da komai: ruwan sha, maganin da kike sha, waya cike da caji da kuɗin kira a ciki, ma'ajin caji, tocila, fitilar sola, usur, darduma da carbi, hijabi da takalmi a inda hannu zai kai. In kina da layi biyu, MTN da Orange misali, ki sa kuɗi a duka, don wani lokaci ɗaya na ɗaukewa ɗaya na nan.

Makullan fita kuwa wuri ɗaya za su riƙa kwana, a ƙusa kusa da ƙofa inda za ki lalubo su ido rufe, ba inda hannu zai kai ta taga ba. Tagoginmu duk ƙarfe ne, wanda ya hana ɓarawo shiga shi zai hana ki fita in gobara ta tashi. Ki gwada da rana: daga gado zuwa titi ƙofa nawa, makulli nawa? In sun wuce uku, kin kulle kanki fiye da kima.

Haske da zafi

Waje ake haskawa, ciki a rage. Ƙwai ɗaya a bakin ƙofar gida, ɗaya a tsakar gida, ɗakinki kuma ɗan haske kaɗan da labule a sake. Ta haka ke kina ganin waje in kin ɗaga labule, na waje ba ya ganinki. Masu kunna duk fitilun gida suna ɓata kuɗi ne, kuma gidan da bai saba kwana da haske ba in ya haskaka kaf, shi ma sanarwa ce.

Ki sa a ranki za a ɗauke wuta. Yawancin lantarkin arewa daga madatsar Lagdo yake zuwa, wadda aka gama a 1982 a kan Binuwai, kuma in rani ya yi nisa ruwa ya ja baya ana rabon wutar unguwa-unguwa. In kin san da haka, ɗif ɗin da za ki ji ba zai sa ki ce wani ne ya yanke waya ba. Ki leƙa ta taga: in maƙwabta ma duhu ne, ki koma ki kwanta. Fitilar sola mai kama kanta da kanta a tsakar gida ta fi kyandir nesa ba kusa ba. Kyandir da gidan sauro ba sa zama ɗaki ɗaya.

Matsalar ita ce lokacin ɗauke wutar shi ne lokacin zafi. A Maris da Afrilu Garwa na wuce digiri 40, ɗaki ya zama tanda, kowa tsakar gida yake shimfiɗa. In gida na cike ba laifi. Ke kaɗai kuwa, ni ban ba ki shawarar kwana a fili ba, don kunnenki ba zai huta ba ko da ba abin da zai faru. Ki sha iska a waje har jiki ya yi sanyi, ki watsa ruwa, ki yayyafa wa daɓen ɗaki ruwa, ki buɗe tagogi masu ƙarfe da raga, ki jiƙa zane ki rufa. Fankar caji in da hali. In zafin ya fi ƙarfinki, gara ki kira wata ta taya ki kwana ku shimfiɗa a baranda.

Daga magariba zuwa kwanciya

Magariba ita ce lokacin da kewa ke sauka, gida ya yi tsit a daidai sa'ar da aka saba jin hayaniyar yara da ƙarar kwanoni. Ki cika wannan lokacin da gangan. Ki dafa abinci na gaske ki ci, kada ki ce don ke kaɗai ce sai gari da ƙuli. Mai yunwa barcinsa ba ya nauyi. Ki kunna rediyo a ji muryar mutane a gidan. Ki samu aikin hannu: tsintar shinkafa, ɓarar gyaɗa, saƙa, tsifar kai, guga. Hannu in yana aiki zuciya ba ta samun sararin ƙirƙiro dodo.

Shayi mai kauri, kofi da goro, a tsaya da su tun la'asar. Sinadarin da ke cikinsu mai hana barci, bayan awa biyar ma kusan rabinsa na nan a jiki, kuma yana sa bugun zuciya, ke kuma ki ɗauka faɗuwar gaba ce.

Waya ita ce babbar mai shigo da tsoro gida. Labarin fashi, bidiyon aljanu, saƙon muryar da aka turo daga garin da ba a ambata ba wai an shiga gidan wata, duk a bar su sai da safe. Kiran maigida ko su Dada ki yi shi bayan isha, ku yi hira mai daɗi, ku yi sallama. Kada ki mai da shi kiran kowace awa, kina ɗaga musu hankali suna ɗaga miki.

Ki koyi muryar gidanki

Kowane gida da irin maganarsa, hayaniyar mutane ce ke rufe ta. Daren farko, bayan isha, ki kashe rediyo ki zauna minti goma kina saurare, duk ƙarar da kika ji ki ba ta suna.

Ƙas-ƙas ɗin rufin kwano: ƙarfe ne da rana ta buɗa shi, yanzu yana sanyi yana komawa, ya fi yawa a farkon dare. Dum guda ɗaya mai ƙarfi a kan rufi sannan gangarawa, lokacin mangwaro, ai kin san ko mene ne, sau da yawa jemagu ne suka kakkaɓo shi. Gudu-gudu cikin silin, ɓeraye. Taku mai laushi a kan kwano sannan tsalle, mage. Kukan da ke kama da na jariri a bayan katanga, magen ce dai take neman miji. Tsut-tsut a bango, tsaka. Firiji na yin ƙarar kamawa da saki, in an dawo da wuta ma har ya yi gurnani. Famfon da aka bari a buɗe yana tari da huci in ruwa ya dawo cikin dare. Da hunturu iska na kaɗa ƙyauren langa-langa tana jan busassun ganyen dogon yaro a kan siminti, wannan kam sak jan silifa. Mujiya kuma tsuntsuwa ce mai farautar ɓeraye, aiki take taya ki, duk abin da aka faɗa mana muna yara.

Ki kuma koyi sautin unguwa: lokacin da mai shayi ke rufewa, babur ɗin maƙwabci mai dawowa a makare, usur ɗin 'yan sintiri, karnukan da ke haushi kullum ba dalili. Bayan dare biyu za ki ga kunnenki da kansa yana watsar da waɗannan. Abin da ya rage, wanda ba ki san shi ba, shi kaɗai ya cancanci ki tashi zaune.

Addu'ar kwanciya

Ki yi alwala, ki kakkaɓe shimfiɗa. Ayatul Kursiyyu, ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara, sannan Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ki tofa a tafin hannu ki shafe jiki, sau uku. Da maraice kuma "A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ". Ya tabbata cewa shaiɗan na gudun gidan da ake karanta Baƙara, don haka in kin iya ki karanta, ko ki saurara da sauti ƙasa-ƙasa. Abin da zan ƙara shi ne a karanta a natse. Na ga masu karanta Ayatul Kursiyyu sau ashirin a guje jiki na rawa, kamar dai masu komawa duba kwaɗo. Ki karanta kina sane da Wanda kike roƙo, wanda gyangyaɗi ba ya kama Shi balle barci, ki kwanta ta ɓangaren dama.

In kin farka gabanki na faɗuwa

Kada ki zabura. Ki tsaya yadda kike, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida ko takwas. Fitar da numfashi mai tsawo shi ke rage gudun zuciya. Ki yi haka sau biyar, sannan ki tambayi kanki: ƙarar nan na san ta? Daga ina take, rufi, tsakar gida ko titi? Tana matsowa ko tana wuri ɗaya? Abin da iska ko dabba ke yi yakan maimaita kansa a wuri guda ba tsari. In kin ba ta suna, ki juya ki ja carbi. In barci ya ƙi bayan kamar minti ashirin, tashi ki yi nafila ko ki karanta wani abu a ɗan haske har ido ya yi nauyi. Juye-juye a gado cikin duhu shi ke ciyar da waswasi.

Sai dannau. Kin farka, ido biyu, amma ko yatsa ba ya motsi, ƙirji kamar an ɗora turmi, wani lokaci har ki ga kamar mutum tsaye a bakin ƙofa. Likitoci sun san shi sarai. Lokacin mafarki jiki na saki gaba ɗaya don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani, to wani sa'in ƙwaƙwalwa na riga jiki farkawa. Daƙiƙoƙi ne zuwa 'yan mintoci, yana wucewa da kansa, kuma ya fi kama mai kwanciya rigingine da wanda bai samu isasshen barci ba, wato dai mai kwana shi kaɗai cikin fargaba. In ya zo, ki yi ta'awwuzi a zuci, ki mai da hankali kan motsa yatsan ƙafa ɗaya, ki bar numfashi ya tafi yadda yake. In ya sake ki, ki gyara kwanciya ta gefe.

In an buga ƙofa, ko kin tabbata mutum ne

Bayan isha ba a buɗe ƙofa don sallama kawai. Ki tambaya daga ciki da murya mai ƙarfi. Duk wanda ya san ki yana da lambarki, ya kira. In an ce maigida ne ya aiko, ki kira maigidan. In muryar mace ce tana kuka tana neman taimako, kada ki buɗe kuma kada ki yi banza da ita: ki kira maƙwabci ya fito ya duba, in mai gaskiya ce ta samu taimako fiye da wanda za ki iya ba ta. In an ce hukuma ce, ki ce su dakata ki kira jauro da maƙwabta. Kada ki taɓa cewa "ba kowa a gidan". "Ba zai samu fitowa yanzu ba" ta wadatar.

In kuwa kin ji dirar mutum, ko ana taɓa kwaɗo, ko kin ga hasken tocila na yawo a tsakar gida, ba fita za ki yi ba. Sakata na nan a rufe. Bip biyu ga ɗan'uwanki, taɓarya a katanga, sannan 117 ko 113, ki karanta kwatancen nan na bayan ƙofa. Daga nan ki tada unguwa: usur, murfin tukunya, ihun "ɓarawo" iya ƙarfinki. Mai satar dare shiru yake so, in fitilun maƙwabta suka fara kamawa yawanci katanga yake nema. Amma in har an riga an shigo inda kike, musamman da makami, a daina ihu. Ki ba da abin da aka nema, kada ki yi gardama, kada ki nuna kin gane fuska. Ban yarda da ajiye adda a ƙarƙashin filo ba ga wadda ba ta taɓa sarar ko kaza ba, makamin da ba ki iya ba na wanda ya ƙwace ne.

Wasu kuma bai kamata a bar su su kaɗai ba tun farko: mai tsohon ciki, mai farfaɗiya, mai ciwon suga ko hawan jinin da bai daidaita ba, da wadda aka taɓa shiga gidanta tsoron bai sake ta ba. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ki ɗauko ƙanwa ko 'yar maƙwabta mai hankali, ko ki kulle gidan ki tafi gidanku ki kwana, gida biyu maganin gobara. In kuma fargabar ta ɗauki makonni tana hana ki barci ko da mutane a gida, ki je asibiti ki faɗa wa likita yadda kika faɗa wa aminiyarki.

Da asuba

In an kira salla, kin ji takun masu zuwa masallaci, ki buɗe ɗaki. Bayan gari ya yi haske ki sake zagaya gidan, wannan karon don neman abin da ya dame ki jiya. Ƙyauren da ya yi ta bugawa ki ɗaure shi da waya, reshen da ke gogar kwano ki sa a sare, ramin ɓera a toshe da siminti. Ki aika wa Goggo gaisuwa ta san kin tashi lafiya, in kin dama kunun gyaɗa ki zuba mata a kwano. Ki sa tocila da fitila a rana su sha caji tun da hantsi, kafin la'asar ta zo ki sake ɗaukar makullai.